Cin gasasshen naman Koriya da abokai: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya je karatu ko kasuwanci Koriya ta Kudu da wuya ya yi mako biyu ba a gayyace shi cin gasasshen nama ba. Ko abokan aji, ko abokan aiki, ko mai masauki, wani dai zai ce a haɗu da yamma. Haka abin yake a biranen da Koriyawa suka yi kaka-gida, irin su Los Angeles da Landan da Tokyo. Ga amsoshin tambayoyin da mutanenmu suka fi yi mini kafin su je, da wasu da sai sun dawo suke cewa ina ma sun tambaya.

Wai mene ne shi, kuma ina bambancinsa da zuwa wurin mai tsire?

Koriyawa suna ce masa gogi-gui, wato gashin nama. Bambancin yana ga wanda ke kula da wuta. A wurin mai tsire kana gefe ne kana jira, shi zai gasa, ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya ƙunshe maka a takarda. A can kuwa murhun a tsakiyar teburinku yake, an fafe masa gurbi, ko na garwashi ko na gas. Ɗanyen nama ake kawo muku a faranti, da almakashi, da wani ƙarfen kamu mai kama da awartaki, sauran aikin kuma naku ne. A saman murhun akwai bututu mai zuƙe hayaƙi da ake jawowa ƙasa har ya kusa taɓa naman.

Shi ya sa ba a yin sa a gurguje. Ba a zuba naman duka a wuta, sai kaɗan-kaɗan, a ci, a ƙara, hira na tafiya. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba komai ba ne. In kana da alƙawari ƙarfe takwas, kada ka zauna ƙarfe bakwai.

Wane irin nama ake kawowa?

Abu na farko da za ka riƙe shi ne nama kashi biyu ne: wanda aka jiƙa da haɗi, ana ce masa yangnyeom, da wanda aka kawo tsurarsa, ana ce masa saeng. Waɗanda suka saba sukan fara da tsurar, domin mai haɗin akwai sukari a jikinsa, yana ƙona raga, kuma zaƙinsa yana danne ɗanɗanon duk abin da ya biyo bayansa.

A ɓangaren shanu, bulgogi ya fi suna. Ma'anar kalmar naman wuta, kuma yanka ne siri-siri da aka jiƙa da ruwan waken soya mai gishiri, sukari, man riɗi, tafarnuwa da markaɗaɗɗen bae, wani ɗan itace mai ruwa ɗan'uwan tuffa, wanda ke tausasa nama. Galbi haƙarƙari ne, kuma birnin Suwon da ke kudu da Seoul ya yi suna da manyan yankansa. Chadolbaegi naman ƙirji ne da aka yanka kamar takarda, kafin ka ƙifta ido ya nuna. Deungsim gadon baya ne. Masu son kayan ciki suna da gopchang, wato ƙaramin hanji, da makchang wanda birnin Daegu ya shahara da shi, sai dai shi akwai na shanu akwai na alade. Na kaza kuma akwai dak-galbi na garin Chuncheon.

Sai dai wanda talakan Koriya ya fi ci, wanda kuma abokanka za su fi nufa in sun ce a je cin nama, shi ne samgyeopsal. Naman cikin alade ne, sunan yana nufin nama mai hawa uku saboda jerin kitse da tsoka. Son da suke masa ya kai har ranar 3 ga Maris ta zama ranarsa, tunda sam na nufin uku. Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci.

Ni Musulmi ne. Zan iya zuwa kuwa?

Za ka iya, amma a gida za ka warware maganar tun kafin a zaɓi wurin. In ka bari sai an zauna, garwashi ya iso, mutum shida sun cire riguna, to ka makara, kuma kai za ka ji kunya, su ma su ji kunya.

Abubuwa huɗu ne ke gabanka. Na farko alade, wanda shi ne mai sauƙin ganewa: dwaeji-gogi sunansa. Naman shanu so-gogi, na kaza dak-gogi, na rago yang-gogi, na agwagwa ori-gogi. Ka haddace jumlar nan, dwaeji-gogi mot meogeoyo, ma'ana ba na iya cin naman alade. Na biyu yanka. A gidan abinci na gama-gari ba wanda zai ba ka tabbacin yadda aka yanka saniyar. Doka ta tilasta musu su rubuta ƙasar da naman ya fito, kuma za ka ga mafi yawan na shanun daga Amurka ko Ostareliya yake, amma sanin ƙasa daban, sanin yanka daban. Na uku haɗin da ake jiƙa naman da shi, domin sau da yawa akan zuba giyar shinkafa ta girki a ciki. Na huɗu ragar da kanta, da awartakin, da almakashin. A gidan da ake sayar da nama iri biyu, abokinka zai juya nasa ya juya naka da ƙarfe ɗaya, da kyakkyawar niyya, bai ma san ya yi wani abu ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka zama kai ne mai zaɓen wuri. A Seoul, unguwar Itaewon ce matattara. A kan tudunta Babban Masallacin Seoul yake, wanda aka buɗe a 1976, kuma hanyar da ke hawa zuwa gare shi cike take da gidajen abincin halal, har da masu yin bulgogi da galbi. Ƙungiyar Musulmin Koriya, wadda ofishinta ke wannan masallaci, tana ba da takardar shaidar halal. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar kuma ta kasa gidajen abincin da ke karɓar Musulmi gida huɗu: mai takardar shaida, wanda mai shi Musulmi ne ya shaidi kansa, wanda ke da wasu abincin halal amma yana iya sayar da giya, da wanda kawai babu alade a ciki. Kada ka ɗauki na huɗun a matsayin na farkon. Babu alade ba ya nufin an yi yankan Musulunci.

A ganina abokan Koriya ba sa jin haushin wannan magana in ka faɗe ta da wuri. Abin da ke ɓata musu rai shi ne su kashe kuɗi su ga baƙonsu yana tsakurar shinkafa da latas.

In babu gidan halal a kusa fa?

Ka karkatar da su zuwa na teku. Akwai jogae-gui, gashin ƙumba da dangoginta a kan garwashi, wanda ake yi sosai a garuruwan bakin ruwa kamar Busan da Incheon. Akwai jangeo-gui, gashin wani dogon kifi mai santsi, a ce a kawo na gishiri kawai ban da haɗi. Zaman iri ɗaya ne, wutar ɗaya ce, hirar ma ɗaya ce.

Za kuma ka ci karo da yang-kkochi, naman rago a tsinke da ake tsoma shi a garin yaji. 'Yan asalin Koriya da suka zo daga ƙasar Sin ne suka yaɗa shi, kuma kusa da Jami'ar Konkuk a Seoul akwai layi guda na masu yin sa. Shi ya fi komai kama da tsirenmu, har ma wasu wuraren suna da injin da ke juya tsinken da kansa. Amma kasancewarsa rago bai sa ya zama halal ba, nan ma sai ka tambaya.

An cika mana tebur da ƙananan kwanoni alhali ba mu ce a kawo ba. Za a caje mu?

A'a. Banchan ke nan, mahaɗin da ke zuwa tare da abinci, kuma in ya ƙare ana ƙarowa kyauta. Kimchi ba ya rasuwa a ciki: kabeji ne da aka jiƙa da gishiri, aka cuɗa da barkono, tafarnuwa, citta da ruwan kifi, aka bari ya yi tsami. Za a kawo kwaɗon lawashi, tsiron wake, albasa a ruwan tsami, wani lokaci da ƙwai da aka turara a tukunyar ƙasa yana tafasa. Wasu gidajen sukan ajiye kayan ƙari a gefe, wanda ya ga nasa ya ƙare ya tashi ya ɗebo. Ka ɗebi abin da za ka iya cinyewa.

Miyar da za ka yi hattara da ita ita ce kimchi-jjigae, yawanci da alade ake yin ta.

Yaya ake cin naman? Na ga suna naɗe shi a ganye.

Ssam suke ce wa wannan naɗin. Ka shimfiɗa ganyen latas a tafin hannunka, in kana so ka ɗora ganyen kkaennip, wanda ƙamshinsa ke tsakanin na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Ka ɗauko yanka ɗaya na nama daga wuta, ka ɗan tsoma shi a man riɗi mai gishiri, ka ɗora. Sai ɗan ssamjang, wani kwaɓi ja da aka haɗa da barkono da doenjang. Doenjang ɗin waken soya ne da aka bari ya tsima, kuma duk wanda ya tashi da daddawa zai gane danginsa daga shaƙar farko. Ka ƙara tafarnuwa, ɗanya ko wadda ka gasa a gefen raga, ka tattara bakin ganyen ya zama ƙunshi.

Loma ɗaya ake yi masa. Ba a gutsura, domin in ka gutsura komai zai watse a rigarka. Saboda haka ka yi shi daidai bakinka tun farko. Ranar da na fara, haɗama ta sa na naɗa kusan dunƙulen hannu, na kasa rufe baki, ga ɗanyar tafarnuwa tana hau mini hanci, abokan zama kuma suna ta dariya har da buga tebur.

Ssam da hannu ake yin sa, amma ɗaukar nama da banchan da tsinkayen ƙarfe ne, waɗanda suke a baje kuma suna da santsi. In ka nemi cokali da tsinke ka rasa, duba gefen teburin, akwai aljihu. Kada ka soke tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, domin hakan yana kama da abincin da suke ajiye wa mamatansu. Wanda ba ya ci da hagu zai iya naɗawa ya mayar hannun dama, ba wanda zai lura.

Wa ke gasawa?

Nan ake gane halin mutane. A zaman ma'aikata, wanda suke kira hoesik, bisa al'ada ƙaramin cikinsu ne ke riƙe awartaki, manya suna ci. Tsakanin abokai kuwa, wanda ya fi iyawa ko ya fi ƙaƙale shi ke ƙwacewa, kuma akwai mutanen da ba za su bari kowa ya taɓa ba. A gidaje masu tsada ma'aikaci ne ke gasa muku daga farko har ƙarshe. In ka ga haka ka janye hannunka, sun fi ka sanin namansu.

In ya faɗo kanka, ga abin da ke hana jin kunya. Ka bari raga ta yi zafi sosai kafin ka ɗora. Nama mai kauri kada ka dame shi da juyi, ka bari gefe ɗaya ya yi ja sannan ka kifa. Mai haɗi kuwa juyi yake so akai-akai, in ba haka ba sukarin ya ƙone. Sai ya kusa nuna ake yanka shi da almakashi daidai loma, wanda ya nuna a tura shi gefen raga inda wuta ba ta da ƙarfi. Da zarar raga ta yi baƙi a nemi a canza ta, kyauta ne, kuma ba roƙo ba ne. Akwai maɓallin ƙararrawa a yawancin tebura. In babu, ka ɗaga murya ka ce jeogiyo, ba rashin ladabi ba ne a wurinsu.

Abin da mutane ke mantawa shi ne mai gashi ba ya samun ci. Hannunsa biyu a cike suke, kuma duk abin da ya nuna wasu sun rigaye shi. Abokin kirki yakan tara masa a farantinsa, ko ya karɓe shi bayan zagaye biyu. Koriyawa ma sukan naɗa ssam su sa wa mai gashi a baki, alamar kusanci ce, kada ka firgita in an yi maka.

Nawa za mu ce a kawo?

Da rabon mutum ake sayarwa, inbun, kuma rabon mutum ɗaya yakan kama daga giram 150 zuwa 200. Gaskiya ba ya isar mai jin yunwa. Ku huɗu ku fara da rabo huɗu, ku ƙara biyu-biyu gwargwadon cikinku. Yawancin gidaje ba sa hura wuta don rabo ɗaya, mafi ƙaranci biyu ne, shi ya sa mai zuwa shi kaɗai yakan sha wahala.

Maganar kuɗi kuwa, nama ba shi da araha a Koriya. A 2024 matsakaicin farashin giram 200 na samgyeopsal a gidajen abincin Seoul ya haye won 20,000 (won shi ne kuɗin Koriya), alhali shi ne na talaka. Hanwoo, saniyar ƙasar, wadda ake jera darajarta daga 1++ zuwa 3 bisa yadda kitse ya ratsa tsoka, ta ninka haka nesa. In wani ya gayyace ka cin hanwoo, ya girmama ka ƙwarai. Masu son ragi sukan je kasuwar nama ta Majang-dong a Seoul, su saya wurin mahauta, su hau wani gidan abinci na kusa su biya kuɗin wuta da banchan. Ɗalibai kuma suna da gidajen ci-iya-cinka, inda ake biyan kuɗi ɗaya, amma da ƙayyadadden lokaci, kuma akan ci tarar wanda ya bar nama a faranti.

Ba na shan giya. Za a matsa mini?

Giya za ta zo teburin, wannan kam ka sani. Soju ce, a koriyar kwalba, kuma a wurinsu ita da gasasshen nama tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Suna da ladubbanta: ba ka zuba wa kanka, ƙarami yana karɓa da hannu biyu, yana kuma kau da kai gefe in zai sha a gaban babba. Ka ce sul mot masyeoyo, ba na iya shan giya, ka ƙara da cewa addini ne. Matasa ba sa ja da wannan. Dattijo zai iya maimaita tayin sau ɗaya ko biyu, ka maimaita amsarka da murmushi.

Abin da suke kira saida lemon kwalba ne fari, babu giya a ciki. Ruwa kyauta ne, wani wurin ma ruwan sha'ir da aka dafa ake kawowa. Wanda kuma ba ya son zama a teburin da ake shan giya gaba ɗaya, to ya shirya zaman a gidan halal da ba a sayar da ita, ko ya nemi a yi da rana. Bayan an tashi za ka ji ana cewa i-cha, zagaye na biyu, wanda galibi mashaya ake nufi ko ɗakin waƙa. Nan ne wurin yin sallama.

Mun ƙoshi, sai ga shi ana tambayar me za mu ci. Wasa ake?

Ba wasa ba ne. A lissafinsu nama bai cika abinci ba sai an rufe da hatsi. Ko dai naengmyeon, taliya a romo mai sanyi har da ƙanƙara, ko shinkafa da miyar doenjang, ko a soya shinkafa a kan kaskon da aka yi gashin, a kankare ƙanzon a ci. Kwano ɗaya ya ishi mutum biyu.

Wa ke biya?

A da, kuma har yanzu tsakanin manya, wanda ya yi gayya ko wanda ya fi shekaru shi ke biya duka, wani kuma ya ɗauki zagaye na gaba. Ba a kawo takardar kuɗi a biya a tebur, wurin kanta ake zuwa a bakin ƙofa, kuma nan za ka ga dattawa biyu suna ture juna kowa na miƙa katinsa. Akwai mai fakewa da zuwa bayi ya biya a ɓoye. Akwai kuma wanda suke yi wa ba'a, mai daɗewa yana ɗaure igiyar takalmi har sai an gama biya. Matasa sun fi yin karo-karo: mutum ɗaya ya biya, sauran su tura masa ta waya. Ba a ba da tukuici a Koriya. A Amurka kuwa sai ka ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari.

Ɗalibi ya kula da abu ɗaya. Tun 2016 akwai dokar da ta ƙayyade darajar abincin da ma'aikacin gwamnati, malami ko ɗan jarida zai karɓa daga hannun wanda aiki ya haɗa su. Won 30,000 ne da farko, aka ɗaga zuwa 50,000 a 2024. In malaminka ya ƙi yarda ka biya masa, ba raini ba ne.

In an biya maka, ka ce jal meogeotseumnida, na ci da kyau. Ita ce godiyar.

Wace riga zan sa?

Ba wadda za ka je ɗaurin aure da ita gobe ba. Duk ƙoƙarin bututun nan, ƙauri sai ya kama tufafi da gashi. Gidaje da yawa suna ba da babbar leda a zuba riguna, wasu kujerunsu ma murfi gare su, ka ɗaga ka cusa jaka da rigar sanyi a ciki. Akwai kuma ƙyallen rufe gaba da ake ratayawa a wuya saboda fantsamar mai, ka nema in ba a kawo ba. Mai babbar riga ya naɗe hannunta sosai, mai mayafi ta soke bakinsa, domin garwashin yana kusa fiye da yadda ake zato. In wurin na zaman ƙasa ne za a cire takalmi a bakin ƙofa, don haka ka duba safarka tun daga gida.